Ciyawar Holan a Aliero

Mijin yayata, Maccido, sau ɗaya ya taɓa zuwa Abuja, rakiyar motar albasa, kuma a wannan zuwan ne ya hango katangar babban filin wasa daga saman buhuna. Bai shiga ba. Direban da suka je tare yana nan da ransa, ya ce ko rage gudu bai yi ba a wurin. Amma tun daga ranar, duk inda aka tayar da zancen ƙwallo a Aliero sai Maccido ya gyara zaman hula ya ce, "Ku bari wanda yag gani da idonai shi yi magana." Shekara tara muna shan wannan.

Don haka ban yi mamaki ba da ya miƙe a taron Jega. Ni na kai shi a babur ɗina, abin da har yau nake da-na-sani.

Abin da ya haɗa taron shi ne gasar ƙasashen yammacin Afirka ta yara 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Tawagar Nijar za ta tafi gasar a mota, hanyarsu kuwa ta ƙofar gidanmu take: Sakkwato, Tambuwal, Aliero, Jega, Maiyama, a miƙe kudu. Kocinsu ya aiko cewa yana so su tsaya rabin yini su warware ƙafa, su buga wasan sada zumunci da yaran yankinmu. Mutanen Jega suka ce ai su ne manya, a wurinsu za a yi. Mutanen Maiyama suka ce girma ba ya buga ƙwallo. Ana cikin haka shugaban kwamiti, Alhaji Waliyyu, ya karanto sharaɗin kocin: sai fili mai ciyawa, don ba zai kai yaransa gasa da gwiwoyi a kuje ba. Nan kowa ya sami abin kallo a ƙasa, domin duk garuruwan uku filayenmu rairayi ne da tsakuwa.

Shi wannan Alhaji Waliyyu kayan gyaran babur yake sayarwa a Jega Sabon Gari. A Kaduna ya tashi, bai taɓa riƙe fartanya ba, albasa kuwa a cikin miya kawai ya san ta.

"Kwana nawa anka ba mu?" in ji Maccido.

"Hamsin," in ji Alhaji.

"Sun yi yawa. Ku kawo wasan Aliero. Ciyawa zan shimhiɗa muku awa bargo, in yaro ya hwaɗi sai an tashe shi daga barci."

Haliru, wakilin Maiyama, ya ce, "Kai Maccido, ka taɓa shuka ciyawa?"

"Kai ka taɓa zuwa Abuja?"

Haliru bai taɓa ba, sai ya zauna. Ni kuwa ina jan gefen rigar Maccido ta baya don ya yi shiru, shi ya ɗauka ƙarfafa shi nake yi, har ya juyo ya gode mini a gaban mutane. Aka rubuta Aliero.

Maccido ya zaɓi wani shimfiɗaɗɗen fegi a bayan gari. Ya ɗebi samari suka je fadamar Sarandosa suka yanko ciyawar ƙiri-ƙiri da ƙasarta, a-kori-kura uku, suka jera ta fale-fale. Gaskiya ta yi kyau a ranar. Washegari da hantsi muka je muka tarar da shanun wani makiyayi, Ya'ƙub, wajen sittin, sun baje a kai, shi kuma yana tsaye da sanda a kafaɗa yana kallonsu.

"Ya'ƙubu, mi shanunka ka yi cikin hilin ƙasa da ƙasa?" in ji Maccido.

"Kiwo."

"Wagga ciyawa ba ta ci ba ta."

Ya'ƙub ya dubi shanun, ya dubi Maccido. "To hwaɗa musu. Ni sun saba da muryata, ba su jin ta."

"Ka san ko ni wa na?"

"Na sani. Kai as shimhiɗa ciyawa bisa burtali. Tun kakana nan muka bi, ba mu taɓa iske wanda yay yi muna hakanga ba. Allah shi saka da alheri."

Kafin azahar fili ya koma yadda Allah ya yi shi, sai ƙarin taki. Maccido ya ce dama takin yake nema.

Aka kewaye wurin da ƙaya, aka bar wa shanu gefe. Wannan karon shinkafa ya watsa, ya ce in ta fito ba mai bambance ta da ta Abuja. Ƙaya ta hana saniya, amma ba ta hana mai fiffike ba. Zabin unguwa da tantabarun gari suka yi kwana uku suna walima. Wata maƙwabciyar Maccido, Amariya, ta aiko a tambaye shi ranar da zai sake shuka, don zabinta sun saba fita da wuri.

Kwana takwas suka tafi a haka, saura arba'in da biyu. Ranar muna zaune teburin mai shayi, Maccido ya riƙe kofi ya zura wa titi ido, ya ce kamar mai magana da kansa, "Mi na kore, siriri, mai tsiro da sauri, saniya ba ta so nai, akuya ba ta kula shi, tsuntsu ba shi tsintar ɗiyanai?" A Aliero ko yaron goye ya san amsar, sai dai ba wanda ya zaci akwai mahaluƙin da zai aikata. Ni har dariya na yi.

A nan sai na faɗi abin da yayata Uwani take riƙe da shi. Irin albasarmu gadon kakarmu ne. Kowace shekara gidaje bakwai na danginmu, har da nawa, mukan ware kawuna masu kyau mu bar su su yi fure, mu sussuke, mu kai wa Uwani ta zuba a tuluna ta liƙe da laka ta ajiye a ɗakinta, don ɗakin ba ya danshi kuma hannunta yana da albarka. Iri ba abin da ake shiga kasuwa a saya ido rufe ba ne. Na kasuwa sai ka shuka rabinsa ya ƙi fitowa, wanda ya fito kuma ya ruɓe maka a rumbu kafin wata biyu. Namu yakan kai har damina ta dawo. Waɗannan tuluna bakwai su ne noman raninmu gaba ɗaya, daga tuwon yara har suturar salla.

Uwani ta tafi suna ƙauyen Kashin Zama ta kwana biyu. Da ta dawo ta ɗaga tulu na farko ta ji shi sakayau. Ta ɗaga na biyu. Ba ta ɗaga na uku ba, sai ta fito tsakar gida inda Maccido ke goge takalmi.

"Baban Salma, ina iri?"

"Shina hidimar ƙasa."

Ba ta yi ihu ba, Uwani ba ta ihu. Ta yafa mayafi ta tafi bayan gari, ta ɗaga ciyayin da ya lulluɓe filin da su, ta tona da yatsa a wuri uku, sannan ta biyo gidana.

"Hafizu," ta ce, "ya warwatsa shi awa mai ba kaji tsaba. Ba shi kwasuwa. Amma ƙasa tana da taki, in anka ba shi ruwa shina hitowa. Kwana arba'in shi isa dashe."

"Wasan fa, Yaya, yaushe na?"

"Kwana arba'in."

Na zauna a kan turmi. Yara ashirin da biyu da takalma masu ƙusa, minti casa'in, a kan abincin gidaje bakwai. Na so in je in shaƙe shi, wallahi na so. Uwani ta ce shaƙa ba ta tsirar da iri, in je in gyara injin ban-ruwa.

Haka muka koma barorin filin Maccido. Safe da yamma gidaje bakwai, maza da mata, muna jan tiyo, muna cire ciyawa ta gaske daga cikin ciyawar ƙarya. Shi kuma yana yawo a gefe da hannu a baya, yana ɗaukar mu hoto da waya yana tura wa kwamiti, wai ga yadda jama'a suka fito aikin gayya saboda kishin wasanni. Ya taɓa tsayawa a kaina ya ce, "Hafizu, ka rage ruwa nan, Abuja ba su cika shi hakanga." Na ɗago na dube shi da tiyo a hannu. Allah ya sa Uwani tana kusa.

Iri kuwa ya fito. Dole in faɗi gaskiya ko da tana da ɗaci: kafin kwana ashirin da biyar filin nan ya yi kore shar, ya cika, ya kwanta lumus, in iska ta kaɗa har wani sheƙi yake yi. Ban taɓa ganin abin da ya yi kyau haka ya ƙona mini rai haka ba.

Alhaji Waliyyu ya zo duba aiki. Ya tsaya a bakin ƙaya ya riƙe baki.

"Maccido, wace irin ciyawa ce wannan?"

"Ta Holan ta, Alhaji. Wani abokina yaz zaka da irinta."

Alhaji ya duƙa ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya kai hanci. "Kamar ina jin warin albasa."

"Alhaji, Aliero kake. Shinshina rigata."

Alhaji ya shinshina rigarsa.

"Shinshina wancan yaro. Shinshina motarka, tun da ta kwana biyu ba ta zaka nan ba amma yanzu ta ɗauka."

Alhaji ya shinshina kujerar motarsa, ya gyaɗa kai, ya ba Maccido haƙuri. Mutum talatin suna tsaye a wurin, kowannensu a fangalin albasa ya girma, ba wanda ya yi tari.

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne. In Jega ta ji cewa albasa muka shuka wa baƙi su buga ƙwallo a kai, za a ɗauke wasan, kuma jikokinmu ma sai sun sha gori a kasuwar Jega. Uwani ta je wurin mai unguwa Mukhtar ta roƙi a bar mu mu cire irin ko da kwana biyu kafin wasa.

"Uwani," in ji shi, "albasa ta, na sani, kowa ya sani. Amma in kunka cire ta mi za mu nuna ma baƙi? Mutuncin gari na."

"Mai unguwa, mutuncin gari aka dahwawa da dare?"

"Ki yi haƙuri. Ƙila ba su taka ta da ƙarhi."

Washegari aka sa 'yan sintiri biyu a ƙofar filin, masu shayarwa su shiga hannu wofi su fito hannu wofi. Har kwandon da na saba zuwa da shi sai da aka leƙa.

Saura kwana uku Maccido ya zo da almakashin tela guda shida, ya ce a Abuja aske ciyawa ake yi. Na tashi zan tare shi, Uwani ta riƙe ni. "Bar shi. Dama kahin dashe ana rage mata kai. Wanga kaɗai yay yi daidai, shi ma bai sani ba." Layukan fili kuma da toka ya ja su, don farar ƙasa ta gagare shi. Uwani ta ce toka ma ba ta cutar da albasa.

Ranar wasa tun da hantsi bayan gari ya cika. Mutanen Jega a motoci, mutanen Maiyama a kan babura uku-uku, masu rake da masu ƙanƙara, an kafa rumfa an jera wa manya kujeru, an ɗaura lasifika a kan bishiyar darbejiya. Yaranmu, zaɓaɓɓu daga garuruwan uku, suna ɗumama jiki a wajen ƙaya, don Maccido ya ce ba ƙafar da za ta fara taka ciyawarsa sai ta baƙi. Shi kuwa ya sha babbar riga fara, a ƙasa takalmin ƙwallo na aro mai ƙusoshi, a hannu makirufo marar waya.

Mu gidaje bakwai muka zauna a bakin layi da kwandunanmu wofi. Uwani ce ta ce mu zo da su, ko abin da ya rage mu tsinta. Matata ta kawo ruwa na kasa sha.

"Jama'a," in ji Maccido ta lasifika, "yau Aliero ta shiga taswirar duniya. Ciyawar da kuka gani, ko Abuja sai wuri-wuri."

Doguwar mota ta iso. Yara suka sauko cikin kaya iri ɗaya, suka jeru a bayan kyaftin ɗinsu, wani dogon yaro baƙi mai suna Yasir. Aka yi tafi. Suka taho da ɗan gudu-gudu, takalma na ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa, ni kuwa na rufe ido. Sai na ji ƙarar ta tsaya.

Na buɗe ido na ga kyaftin ya ja birki a daidai layin toka, na bayansa sun yi karo da juna. Ya durƙusa. Ya sa yatsa biyu ya zaro tsiro ɗaya a hankali, har da saiwarsa, ya karkaɗe ƙasar, ya juya shi. Kocinsu ya yi masa magana da Faransanci, bai motsa ba. Ya koma Hausa. "Yasir, shiga mana."

"Koci, ba ni shiga."

Maccido bai ji wannan ba. Ya taho da sauri yana taka ƙasa ɗaiɗai kamar zakara a kan kwano, ya miƙa masa makirufo. "Ga kyaftin na baƙinmu, ya duƙa shina mamaki. Ɗana, hwaɗa ma duniya yadda kag ga hilinmu."

Yasir ya dubi makirufo, ya ce, "Albasa ta."

Lasifikar nan mai kyau ce, an ji har bakin titi.

"Ciyawar Holan ta, ɗana," in ji Maccido. "Ba ku da ita can, shi as sa."

"Baba, ni ɗan Galmi na. Cikin hwangalin albasa anka yaye ni. Wagga iri ta, ta yi kwana arba'in, ta isa dashe. Wa ad da ita?"

Uwani ta ɗaga hannu daga inda take zaune. Yaron ya je gabanta ya rusuna, har yanzu makirufo na biye da shi don Maccido ya rasa yadda zai janye.

"Inna, sannu da aiki. Ta sha ruwa daidai. Sai dai wanda yash shuka ta bai iya ba, ya cika ta wuri guda."

"Ba ni ta ba, ɗana."

"Na sani, Inna. Hannun mai shayarwa daban, na mai shuka daban." Ya juya wurin kocinsa. "Mu shida nan ɗiyan manoma albasa na. In ubana yaj ji na taka iri da takalmi mai ƙusa, ko kohin duniya nic ciwo ba ni kwana gidanai." Yara biyar a bayansa suka gyaɗa kai, ɗaya har ya fara kwance igiyar takalmi.

Alhaji Waliyyu ya miƙe daga rumfa ya fuskanci jama'a. "Mutanen Aliero, albasa ce wannan?"

Mutum wajen dubu biyu suka sami abin kallo a sama. Mai unguwa Mukhtar ya duƙufa a kan carbinsa. Can wani tsoho, Baba Usmanu, ya ce, "Mu ma yanzu muka ji, Alhaji." Haliru na Maiyama kuwa sai da mutum biyu suka riƙe shi don kada ya faɗo daga kujera.

Da Maccido ya tsaya a nan, da an ce ƙaddara. Amma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ya ce, "Yaro bai san ciyawa ba. Ku bari in nuna muku." Ya jefa makirufo a aljihu, ya fizge ƙwallo daga hannun alƙalin wasa, ya tattare babbar riga, ya faɗa filin a guje.

Kowane takunsa a ƙirjina na ji shi. Ya kai da'irar tsakiya ya ajiye ƙwallo, ya yi tsalle ya dire da ƙafa biyu, ya sake, ya murza dunduniya. "Kun gani? Ko gezau." Ya ja da baya zai buga. Ganyen da ya murtsuke ya riga ya yi ruwa, ƙafar dama ta tafi gabas, ta hagu ta ƙi bin ta, ƙwallo na nan inda take. Ya yunƙura, rigar ta naɗe shi, ya mirgina. Ya sake yunƙurawa ya sake mirginawa ta ɗaya gefen. Kafin ya samu ya zauna ya gama da da'irar nan kaf, farar riga ta koma koriya. Sai ya sa hannu ya share gumin fuskarsa, har cikin ido.

"Ba kuka nikai ba," muka ji daga aljihunsa ta lasifika. "Iska na."

Na dubi Uwani. Na ga dai idonta yana bin sawunsa tun daga layi har tsakiya, tana auna wurin.

Yasir ya girgiza kai, ya ce da na kusa da shi, ba da ƙarfi ba, "Hasara. Iri mai kyau na, ko da bai kai na Galmi ba."

Baba Usmanu, wanda ya ce yanzu ya ji, yana da kunne in ya ga dama. Ya dogara sanda ya miƙe. "Mi kac ce, yaro? Wa ab bai kai na Galmi ba?"

"Baba, ba rashin kunya ba. Namu ya hi ja, ya hi yaji."

"Ja aka ci? Wagga albasar Aliero ta, ta asali, irin gidan su Uwani. Tun tana kwana huɗu nis san ta. Aje taku aje tamu wata shida mu ga wadda ka ruɓewa."

Sai ga Aliero gaba ɗaya ta tashi tana rantsuwa cewa albasa ce, kuma ba irinta daga nan har Agadas. Mai unguwa da kansa ya ajiye carbi yana nuna wa kocin baƙi kaurin saiwa. Alhaji Waliyyu ya tsaya yana duban mutanen da suka sa shi shinshinar kujerar motarsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ko cire iri ba ku iya ba, tsinke shi kukai," in ji wani daga cikin yaran Nijar.

"Mu? Mu ba mu iya ba?" in ji mai tsaron ragar yaranmu, ɗan Kashin Zama.

A nan Uwani ta miƙe ta karkaɗe zaninta. "Gardama ba ta da amhwani, ga hili ga mai doki. Baƙi ku kama daga ragar gabas, namu daga ta yamma. A tuɓe takalma. A jiƙa ƙasa tukuna, a kama daga gindi, wanda yat tsinke saiwa shi hita." Ta dube ni. "Hafizu, tada inji."

Kocin baƙi ya dubi agogo, ya dubi yaransa da suka riga suka tuɓe takalma, ya ɗaga kafaɗa ya ce tsuguno da miƙewa ma motsa jiki ne. Alƙalin wasa ya ce shi daga Maiyama ya taso, ba zai koma bai hura usur ba, sai ya hura.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Yara ashirin da biyu a tsugune suna tafiya a jere, suna zara suna karkaɗewa suna ɗaurewa dami-dami, mata na bin su da kwanduna, 'yan kallo na ihu kowa yana zuga nasa. Yaran Jega biyu aka fitar saboda tsinke saiwa. Mai sayar da rake ya ce bai taɓa ciniki irin na ranar ba. Kafin la'asar filin ya koma taɓo, iri kuwa yana jere a inuwar darbejiya an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Baƙi sun riga namu kaiwa tsakiya da taku huɗu, amma Baba Usmanu ya ce gefensu ya fi taushi.

Ƙwallo dai ba a buga ba. Kocin ya ce yaransa sun yi gumin da yake so, kuma ba wanda ya kuje gwiwa. Suka wanke ƙafa da tiyona, suka yi salla, Yasir ya zo ya yi wa Uwani sallama, ta sa masa albarka ta ce Allah ya ba su kofi in ba da Najeriya suka haɗu ba. Motarsu ta tashi. Ta Alhaji Waliyyu ta riga ta, bai yi wa kowa sallama ba.

Jama'a ba su watse ba, don Uwani ta fara rabo. Ta kasa kashi shida cikakku, ta kira gidaje ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira ni na rungumi kwandona na ji ƙwalla ta zo mini, kuma ni ba zan ce iska ce ba. Sannan ta ja wani ɗan kashi, rabin na sauran, ta ajiye a gefen ƙafarta.

Maccido ya taho a hankali, ido jawur, takalmi ɗaya a hannu. Ya matso kusa da ita ya rage murya yadda ba wanda zai ji, ya manta da abin da ke aljihunsa.

"Uwani," in ji bishiyar darbejiya, "nau fa?"

"Tulu na bakwai namu na, ni da kai. Ga rabina nan, gayaunata za shi. Rabinka na can tsakiya inda kay yi birgima."

"Haba Uwani. Ko dami guda. Mi zan dasa bana?"

"Gidaje shida ba su taka nasu ba, ba ni rage musu. Ni ma ban taka nau ba."

Ya juya ya dubi da'irar tsakiya, ita kaɗai ta rage kore a cikin taɓon, a kwance, a murtsuke. Ya tafi ya durƙusa ya ɗago wani tsiro da ya karye gida uku, ya yi ƙoƙarin tsayar da shi a ƙasa, ya faɗi. Ya sake tsayar da shi, ya sake faɗuwa.

"Ba shi tashi, Baban Salma," in ji Uwani, ta ɗora kwandonta a ka. "Kwashe shi duka, kar ka bar ko ganye, a daka a shanya. Lawashi na. Shi an noman raninka bana."

Ba wanda ya ba shi aron kwando. A cikin babbar rigarsa ya tattara, ya rungumo, ya bi ta tsakiyar mutanen Jega da na Maiyama, suka dare suka ba shi hanya.